In Karan Tsiron Ruwa Ya Fara Ruɓewa

Darasin ilimin halitta

1. Akwatin kifi

Akwatin kifi akwati ne na gilashi wanda ake zuba wa rairayi da ruwa, a dasa tsirrai a ciki, a saki ƴan kifi. Da Faransanci ana ce da shi akwariyom. Yana da amfani ƙwarai a aji, domin abin da tafki yake ɓoyewa, gilashi yana nuna shi fili.

Kifi da tsiro abokan zama ne. In akwai haske, tsiro yana ɗaukar iskar karbon daga ruwa ya haɗa abincinsa, ya saki iskar oksijan. Kifi kuwa oksijan yake shaƙa. Kashin kifi kuma taki ne ga tsiro. Muddin tsiro yana da lafiya, kowa yana amfanin ɗan'uwansa. Amma ranar da tsiro ya fara ruɓewa, sai abin ya juya: wanda dā yake ba kifi iska, shi ne yanzu yake cinye ta. In ba a lura da wuri ba, ana iya wayar gari a tarar da kifaye sun mutu.

2. Tsirrai masu kara

Tsirran ruwa iri-iri ne. Kainuwa tana yawo a kan ruwa. Bado yana da saiwa cikin laka, ganyensa a shimfiɗe a sama. Akwai kuma waɗanda suke zaune cikin ruwa, da dogon kara siriri mai gaɓa-gaɓa, kamar karan dawa amma mai taushi. Su ake kira tsirrai masu kara.

A kowace gaɓa ganye yake fitowa. Daga gaɓa kuma saiwa take tsirowa, daga nan ne sabon toho yake ɓullowa. Kan kara, wato can sama inda ƙananan ganyaye suka cunkushe, shi ne wurin da tsiron yake ƙara tsawo. Masu noman fadama sun san wannan sarai. Ba sa shuka irin rogo, ko na dankali, ko na rake. Yanka suke yi su dasa, gaɓa ta yi saiwa. Haka ake yi wa tsiron ruwa mai kara.

Ga misali biyu. Na farko shi ne korniful, mai ganye siri-siri kamar allura, waɗanda suka kewaye kowace gaɓa. Ana samun shi a koguna da tafkuna na ƙasashe da yawa, har da tafkin Cadi. Shi ba ya da saiwa ko kaɗan. Na biyu shi ne elode, mai gajerun ganyaye kore shar. Irin wanda aka fi sawa a akwatin kifi asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, kuma ya fi son ruwa mai ɗan sanyi.

3. Alamomin ruɓewa

Ruɓewa yawanci daga ƙasa take farawa, kusa da rairayi, inda ido bai cika kai ba. Ga yadda take tafiya:

Da farko ganyayen ƙasa sukan yi ɗorawa, ko su koɗe har a riƙa ganin haske ta cikinsu. Daga nan sai su kaɗe, gindin kara ya zauna tsirara. Bayan ƴan kwanaki gindin ya yi ruwan ƙasa ko baƙi. In aka matsa shi da yatsa, sai a ji ya yi lugub, yana yauƙi. A ƙarshe karan ya tsinke, kan tsiro ya taso sama yana yawo, ganyensa kore kamar ba abin da ya same shi.

Hanci ma yana taimako. Lafiyayyen akwati yana ƙanshin ƙasa bayan ruwan sama. In aka ciro tsiro aka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, to, akwai ɓarna a cikin rairayi.

4. Me yake kawo ta?

Ƙananan halittu ne suke cin kara, waɗanda ido ba ya gani, wato bakteriya da funfuna. Kullum suna nan a cikin ruwa. Kara mai lafiya ya fi ƙarfinsu. Sai ya yi rauni ko ya raunana sannan suke samun hanya. Saboda haka abin tambaya shi ne: me ya raunana karan? Dalilai biyar ne suka fi yawa.

Na ɗaya, rashin haske. Ganyen da ba ya samun haske ba ya haɗa abinci, sai tsiron ya bar shi ya mutu. In aka ɗaure kara biyar ko shida wuri ɗaya aka dasa su kamar dami, ganyayen sama suna yi wa na ƙasa inuwa. In kainuwa ta rufe fuskar ruwa duka, haka abin yake. A makaranta akwai wani dalili kuma: tagogin ƙarfe. Ranar da aka tashi hutu aka rufe su, aji yana zama duhu dare da rana. Kwana biyu na ƙarshen mako ba su cika yin ɓarna ba, amma hutun mako biyu ya isa ya lalata tsirrai.

Na biyu, mugun dashe. In aka tsinke kara da farce, ko aka ɗaure shi tamau da roba, wurin yana murƙushewa, kuma nan ruɓa take kamawa. In aka binne kara da ganyensa, ganyen da ke cikin rairayi yana ruɓewa, ya shafa wa karan. Shi kuwa korniful, tun da ba ya da saiwa, sau da yawa ɓangaren da aka binne ruɓewa yake yi.

Na uku, rairayin da iska ba ta ratsawa. Saiwa ma tana numfashi. In rairayi ya yi laushi kamar gari, ko ya yi kauri da yawa, ruwa ba ya zagayawa a cikinsa, oksijan ya ƙare. A irin wannan wuri wasu bakteriya suke yaɗuwa, waɗanda ba sa bukatar oksijan. Su suke sa rairayi ya yi baƙi, su suke fitar da iskar nan mai warin ƙwai. Iskar guba ce ga saiwa da kifi duka.

Na huɗu, zafi. Ruwan zafi ba ya riƙe oksijan kamar ruwan sanyi. Lita 1 ta ruwa mai digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijan. A digiri 30, kimanin miligiram 7 da rabi. A digiri 35, kimanin miligiram 7. Ga shi kuma da zafi bakteriya sun fi saurin yaɗuwa. Yawancin tsirran akwatin kifi sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 28. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ruwan akwatin da ke ƙarƙashin rufin kwano yana iya zarce haka nesa.

Na biyar, sauyin wurin zama. Wasu tsirrai a bakin ruwa suka girma, ganyensu a cikin iska. In aka nutsar da su, tsofaffin ganyayen sukan narke, sannan sababbi irin na ruwa su fito. Wannan ba ciwo ba ne, haƙuri yake so, tare da kwashe matattun ganyaye. Amma tsiron tudu na ainihi, irin furannin ado na cikin tukunya, ba ya rayuwa a ƙarƙashin ruwa. Ko ya yi kyau makon farko, ƙarshensa ruɓewa.

5. Abin da ruɓa take yi wa kifi

Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. Haka kara ɗaya yake ɓata ruwan akwati.

Bakteriyar da ke cin ruɓaɓɓen kara oksijan suke sha, kamar kifi. Da rana lafiyayyun tsirrai suna mayar da abin da aka sha. Da dare kuwa ba haske, tsiro ba ya sakin oksijan, shi ma sha yake yi. Kifi na sha, tsiro na sha, bakteriya na sha. Shi ya sa da asuba oksijan ya fi ƙaranci. Ɗalibin da ya riga kowa shiga aji da safe, in ya ga kifaye sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, ya gaya wa malam nan da nan. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iskar sama, don haka suna jurewa. Yawancin ƙananan kifaye ba su da wannan dama.

Ruɓa kuma tana sakin wata guba mai suna amoniyak. A akwatin da ya daɗe, akwai bakteriya masu amfani a jikin tsakuwa da rairayi. Suna mai da amoniyak ya zama nitirit, wanda shi ma guba ne, sannan nitirit ya zama nitirat, wanda tsiro yake sha kamar taki. Amma a sabon akwati sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan bakteriya su yi yawa. Saboda haka ruɓa ta fi haɗari a sabon akwati.

Wannan matsala tsohuwa ce. A Landan ta ƙasar Ingila, wani masanin sinadarai mai suna Robert Warington ya sa jajayen kifaye 2 a cikin babban tulun gilashi mai cin fiye da lita 50, ya dasa musu wani tsiron ruwa mai dogayen ganyaye. Da fari komai ya tafi daidai. Daga baya tsofaffin ganyaye suka ruɓe, ruwa ya gurɓace, gansakuka ta kama ko'ina. Sai ya zuba ƴan katantanwa, suka cinye ruɓaɓɓun ganyayen, ruwa ya koma garau. Ya ba da labarin wannan gwaji a shekarar 1850. Abin da ya nuna har yau gaskiya ne: dole a sami mai kwashe ruɓa. A aji, wannan aikin ɗalibai ne.

6. Magani

Ga labari mai daɗi: ran tsiro mai kara yana kansa da gaɓoɓinsa. Ko gindi ya tafi, in akwai kai mai lafiya, tsiron bai mutu ba. Kayan aiki su ne almakashi mai kaifi, da tasa, da bokiti, da ɗan tiyo. A wanke hannu tukuna, a ɗauraye sosai, kada sabulu ya shiga akwati. Ga yadda ake yi:

a) A ciro tsiron a hankali, kada a dama rairayi. A shimfiɗa shi cikin tasa mai ruwa don kada ya bushe.

b) A bi karan da yatsa daga ƙasa zuwa sama har inda ya yi kore, ya yi ƙarfi. A ƙara gaɓa ɗaya sama da nan, a yanka dab da ƙarƙashin gaɓar. A dubi bakin yankan. In akwai ɗigon baƙi a tsakiya, a ƙara yankewa. Kada a ji tausayin kara: gara gajere mai lafiya da dogo mai ciwo. Yanki mai tsawon santimita 8 zuwa 10 ya isa.

c) A cire ganyayen gaɓoɓi biyu na ƙasa, waɗanda za su shiga rairayi.

d) A dasa kowane kara shi kaɗai, zurfin santimita 2 zuwa 3, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsu. In yana tasowa, a jingina masa ƴar tsakuwa, kada a danne shi. In yankin gajere ne ƙwarai, a bar shi ya yi yawo a saman ruwa har fararen saiwoyi su fito, sannan a dasa. Yawanci mako ɗaya zuwa biyu ne. Korniful kuwa ba a binne shi. A bar shi yana yawo, ko a saƙale shi a jikin dutse.

e) A tsince duk wani mataccen ganye. A zuƙe dattin da ya kwanta a kan rairayi da tiyo. A cika tiyon da ruwa, a toshe bakinsa da yatsa, a kai shi bokitin da ke ƙasa. Ba a ja da baki.

f) A sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Kada a zubar da shi duka, kada kuma a wanke tsakuwa da sabulu, don kada a kashe bakteriya masu amfani. Ruwan famfo yana da kulor, irin wanda ke cikin ruwan jabel, kuma yana ƙona abin numfashin kifi. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni kafin a zuba.

g) A rage abincin kifi na kwana biyu ko uku. Abincin da kifi bai cinye ba cikin minti 2 ko 3 ya yi yawa, kuma shi ma ruɓewa zai yi.

Yanka kaɗai bai isa ba. In ba a kawar da dalilin ba, sabon dashe ma zai ruɓe. In haske ne ya yi kaɗan, a matsa da akwati kusa da taga inda zai sami haske awa 8 zuwa 10, amma ban da ranar tsaka, don tana dafa ruwa, tana kawo gansakuka. A goge ƙurar hunturu daga gilashi, a rage kainuwa. In rairayi ne, a samo mai tsakuwa-tsakuwa irin na gulbi, a wanke shi har ruwan ya fita fari, a shimfiɗa kaurin santimita 4 zuwa 5. In zafi ne, a buɗe murfi iska ta riƙa kaɗa ruwa, a lulluɓe bayan akwati da jiƙaƙƙen buhu. Yadda randa take sanyaya ruwa, haka buhun zai yi. Kafin dogon hutu kuma, a shirya wanda zai riƙa buɗe taga, ko a kai kifi da tsirrai inda za a kula da su.

Wani lokaci laifin na kifi ne. Wasu irin karfasa suna cin ganye, suna tonon rairayi su tumɓuke dashe. In haka ne, tsiro mai yawo ya fi dacewa da su.

7. Gargaɗi biyu

Na farko, kada a kwaikwayi Warington a je tafki neman katantanwa. A Ingila ba a kamuwa da tsargiya, amma a nan ƙananan katantanwar tafki su ne masu ɗauke da ita. Ƴan tsutsotsinta suna fitowa daga jikin katantanwa, su ratsa fatar mutum a cikin ruwa, daga baya a ga jini a fitsari. Tsiron da aka ɗebo daga tafki yana iya zuwa da katantanwa a maƙale. Saboda haka babba ne zai janyo shi da sanda. A tsince katantanwa duka da ɗan tsinke, a ajiye tsiron a bokitin ruwa mai tsabta kwana 2 cur, don tsutsotsin ba sa wuce haka a raye in ba su sami jikin mutum ba. In aka sake ganin katantanwa, a cire ta, a sake ƙirga kwanakin. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa, a kai shi gidan likita. Akwai magani.

Na biyu, kada a zuba guntayen tsiro a tafki ko a gulbi. An ga cewa gaɓa ɗaya ta isa ta zama sabon tsiro. Akwai wani tsiro mai yawo a kan ruwa, mai fure shuɗi-shuɗi, ana ce da shi jasint. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, don ado aka riƙa kai shi ƙasashe. Ya bazu a kogin Isa, yana tare hanyar jirage, yana hana masunta jefa taru. Abin da aka yanke daga akwati, ramin takin lambun makaranta ne wurinsa. Tsohon ruwan akwati kuma a ba shuka.

Gwaji na 1

A yanke kara biyu. A sa kowanne cikin kwalba mai ruwa, bakin yanka yana duban sama. A ajiye ɗaya a haske, a kifa wa ɗaya kwali. Bayan rabin awa a duba. A wace kwalba ƴan ƙwayoyin iska suke tashi? A ƙirga su cikin minti ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, shi ne ya nuna a shekarar 1779 cewa sai da haske ganye yake sakin wannan iska.

Gwaji na 2

A samo manyan kwalabe uku, a zuba musu rairayi da ruwa iri ɗaya, ban da kifi. A ta farko a ɗaure kara 5 a binne su da ganyensu. A ta biyu a cire ganyen ƙasa, a dasa su ɗaya-ɗaya. A ajiye waɗannan biyu kusa da taga. Ta uku a yi mata kamar ta biyu, amma a sa ta cikin kabad. Duk bayan kwana 2 a rubuta launin ganye, da ƙarfin kara, da warin ruwa, har mako biyu.

Abin riƙewa

Tsiro mai kara daga gindi yake ruɓewa, in ya rasa haske ko iska, ko ya ji rauni. Ruɓa tana shanye oksijan, tana sakin guba, tana kashe kifi. Maganinta: a yanke sama da ruɓa, a cire ganyen ƙasa, a dasa ɗaya-ɗaya, a kwashe datti, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwa, a gyara dalilin. A duba gindin tsirrai kowace safiya. Rigakafi ya fi magani.

Kalmomi

Gaɓa: wurin da ganye da saiwa suke fitowa a jikin kara.
Oksijan: iskar da mutum da dabba da tsiro suke numfashi da ita.
Bakteriya: ƙananan halittu da ba a gani sai da madubin likita. Wasu suna cutarwa, wasu suna da amfani.
Amoniyak: gubar da ke fitowa daga kashin kifi da abin da ya ruɓe.

Tambayoyi

1. Ta ina tsiro mai kara ya yi kama da rogo da rake?
2. Waɗanne alamomi uku ne suke nuna kara ya fara ruɓewa?
3. Don me ba a binne korniful?
4. Don me kifi ya fi wahala da asuba?
5. Don me ba a zubar da ruwan akwati duka?
6. Me ya sa dabarar Warington ba ta dace da ajin da ke kusa da tafki ba?

Lissafi

Wani akwati yana da tsawon santimita 60, faɗin santimita 30, zurfin santimita 30. Lita nawa yake ci in ya cika? In za a sauya kashi ɗaya cikin uku, lita nawa za a kwashe? Miligiram nawa na oksijan ruwansa zai iya riƙewa a digiri 20? Nawa kuma a digiri 35? Nawa ne bambancin?